Tsintsiyar Habila

Jikata Afiniki ce ta fara ba ni wannan labari, ita da ke aikin kwamfuta a birni. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ta ba ni shi. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, don haka inda sunan abu ya gagare ni zan kira shi da abin da ya yi mini kama. Ku kasa kunne, 'ya'yana.

Akwai wani mutum mai suna Habila, gwani ne a aikin kwamfuta. Dattawan ikilisiyarsu suka ba shi aiki, shi da wata 'yar'uwa mai suna Rahila, su tattara waƙoƙin sujada na yarensu su sa a waya, gama yaran yanzu sun soma mantawa.

A cikin kwamfuta akwai ɗakuna, folda suke ce musu. Aikin nan ɗaki biyu gare shi. Na fari rumbu ne na su biyun. Abin da aka zuba a ciki ba ya ɓata, ko an goge ana iya komawa a ɗauko na jiya ko na bara. Sai dai rumbun ba ya rufa wa kowa asiri: yana rubuta sunan wanda ya taɓa aiki, da ranar, da kuskuren da ya yi kafin ya gyara. Na biyu ɗakin nuni ne, kowa da nasa, inda ake jera aikin don a gan shi a waya.

Habila ya rubuta wani ɗan umarni da hannunsa don ya rage musu wahala. In an danna shi sai ya share ɗakin nuni tas, ya ɗebo abin da ke rumbu, ya jera sabo. Rahila ta raɗa masa suna Tsintsiya. Da fari Tsintsiya takan tsaya ta tambaya, "Ka tabbata?" Habila ya ce tana ɓata masa lokaci, ya cire tambayar.

To, tsohuwar takardar waƙoƙin da suka samu duk giɓi ce, wasu baitoci sun ɓace, wasu an rubuta su a karkace. Mutum ɗaya ya rage da ya san su daidai, wata tsohuwa a ƙauye bayan dutse, Kaka Bilhatu. Kowace Asabar Habila yakan hau babur ya je wurinta.

Ta kan ce, "Maigidan nan nawa ya iso da allonsa mai haske, ko goro babu. Wane irin miji ne kai?"

"Kaka, yau dai bari in ɗauki muryarki."

"Wace murya? Wannan da ta koma ta ƙofar langa-langa? Ka kai birni a yi mini dariya? Ajiye wayar nan. Rubuta."

Sai ta rera, shi kuwa yana bugawa. Amma ba a rumbu yake zubawa ba, a ɗakin nuni yake gyaransa kai tsaye. Dalili? A birni ya tashi, yarensu bai zauna a bakinsa ba, rubutunsa duk tuntuɓe. Rahila ta fi shi iyawa, kuma ta taɓa yin dariya sau ɗaya da ta ga yadda ya rubuta wata kalma. Sau ɗaya tak. Ya riƙe ta a zuciya.

Wata rana Rahila ta ce, "Yaya Habila, wata uku ke nan rumbu bai ga sunanka ba. Ko ka yi ritaya ne ba mu ji ba?"

"In na gama zan zuba gaba ɗaya."

"Zuba shi da ƙurarsa mana, mu gyara tare."

"Don ki samu abin ba da labari a zumuntar mata?"

"Haba Yaya. Ni ma nawa kuskuren suna nan a ciki, da sunana."

Ya ci gaba da abinsa. Yana ganin ranar da zai ajiye aiki cikakke a gaban dattawa, babu tabo, kowa ya ce sannu.

Da kaka ta yi, ana cikin yankan dawa, Kaka Bilhatu ta huta. Waƙa arba'in da bakwai ta ba shi kafin ta tafi. Dattawa suka ce ran Lahadi za a nuna aikin domin tunawa da ita. Rahila ta shirya shafin fari da hoton tsohuwar, ta zuba a rumbu, ta ce masa ya ɗauko.

Asabar da hantsi suna zaune a ofishin coci. Habila yana so ya ga hoton a waya. Yatsansa ya yi abin da ya saba yi sau dubu kafin ya fara ɓoye aiki. Ya danna Tsintsiya.

Ba ta tambaye shi kome ba. Kafin ƙiftawar ido ta gama.

Hoto ya fito da kyau, Kaka Bilhatu tana murmushi da ɗankwalinta na zumunta. Ya buɗe waƙa ta fari, sai ga tsohon giɓi. Ya buɗe ta biyu. Ya buɗe ta goma. Duk haka suke.

"Rahila, me kika zuba a rumbun nan? Ya cinye mini aiki!"

Ta matso ta duba, ta daɗe tana kallo. "A ɗakin nuni ka ajiye su? Duka?"

"Wannan banzar Tsintsiya ce!"

"Yaya, kai ka rubuta ta. Layin fari ka ce mata ta share. Ta share."

Ya kai kwamfutar wurin masu gyara, suka tono baiti uku da rabi. Ya koma ƙauye ya bi tsofaffi gida gida, wannan ya tuna farkon waƙa, wancan ya tuna muryar amma kalmomin sun gudu. Ran Lahadi aka rera daga tsohuwar takarda. Duk inda aka zo giɓi sai tsofaffin mata su rufe baki su bi karin waƙar ta hanci, Habila yana zaune a benci na baya ya sunkuyar da kai. Shi kaɗai ya ji abin da ke cikin giɓin nan cikakke daga bakin tsohuwar, kuma bai haddace ba, don ya dogara ga allonsa.

Ga fa ma'anar misalin, ba zan sa mata zuma ba. Ɗakin nuni shi ne fuskar da kuke kawowa coci, wankakkiya, da guga. Rumbu shi ne gaban Ubangiji da gaban 'yan'uwa, inda mutum ke ajiye abinsa yadda yake, da karkatarsa, da sunansa a kai. Tsintsiya kuwa ranar nan ce da ba ta tambayar kowa ko ya tabbata.

Ba ɓarawo ne ya cuci Habila ba, ba lalaci ba kuma, gama ya yi aiki har ƙurar hanya ta san shi. Kunyar a ga tuntuɓensa ce. Ya gwammace ya riƙe shi kaɗai da a gyara masa, sai asarar ta faɗa a kan ikilisiya duka, har da jariran da ba a haifa ba. Ke mai jiran sai kin tsabtace halinki kafin ki nemi addu'ar 'yan'uwa, da ke nake. Kai mai cewa sai ka shirya kalmomi masu kyau kafin ka nemi gafarar ƙaninka, da kai nake. Kawo shi da ƙurarsa. Ita ma Kaka Bilhatu, Allah ya ba ta hutu, da ta bari an ɗauki muryar langa-langan nan, da yau muna da ita.

Da Afiniki ta gama, na ce, "Kai, Habila bai kyauta ba."

Ta ce, "Kaka, ke fa? Sau nawa na roƙe ki waƙoƙin mamarki kina ce mini muryarki ta mutu?"

Na ci gaba da ɓarar gyaɗata. Washegari da safe, ko kunu ban sha ba, na kira ta na ce ta kunna wayarta ta ɗauki muryata. Waƙa tara mamata ta koya mini. Na rera biyu har ƙarshe. Ta uku na kai tsakiya na tsaya, na nema na nema, babu. Na ce mata kada ta kashe, ta ajiye waƙar haka da giɓinta, ta sa sunana a kai.