Yadda Shekarau Ya Kori Tana Daga Gonarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari a gindin dutse an yi wani tsoho manomin dankali, sunansa Shekarau, da matarsa Tabawa. Suna da akuya da jaki da saniya. Kullum Tabawa takan share turke ta kai kashin gona. A gonar kuwa Tana ce, tsutsar ƙasa, da 'ya'yanta, suna ci, suna huda ƙasa, ƙasa ta yi laushi. Dankalin bai cika yawa ba, amma yakan kai su wata damina.

Ran nan sai ga Dila da buhu a ka. Ya ce, "Malam Shekarau, har yanzu kana fama da kashi? Ga takin zamani, fari fat, ba wari. Ba ni akuyar nan ka ga aiki."

Sai Shekarau ya ba shi akuya, ya karɓi buhu. Sai ya barbaɗa. Dankali ya yi manya-manya, har maƙwabta na zuwa kallo.

Tana ta leƙo ta ce, "Maigida, abin nan yana ƙona mu, kuma ba abin da za mu ci a cikinsa."

Ya ce, "Ke dai koma ƙasa."

Shekara ta zagayo, Dila ya ce bana sai buhu biyu. Sai jaki ya tafi hannun Dila. Tana ta leƙo ta ce, "Maigida, rabin 'ya'yana sun mutu."

Tabawa ta ce, "Malam, ka saurare ta mana."

Ya ce, "Yanzu tsutsa ce za ta koya mini noma?"

A shekara ta uku Dila ya ce sai buhu uku. Tabawa ta riƙe igiyar saniya tana kuka, Shekarau ya ɓamɓare hannunta. Ya barbaɗa, ba wanda ya leƙo. Ƙasa ta ƙeƙashe kamar daɓe, ruwa ya sauka ya wuce abinsa. Da aka tona, dankali bai fi gurjiya ba.

Ya ruga wurin Dila. Dila ya ce, "Me ya rage a turkenka?"

Ya ce, "Ba komai."

Ya ce, "To, ni ma ba komai a buhuna."

Yunwa ta shiga gida, har suka fara taɓa iri. Shekarau ya yi ta neman Tana, sai ya same ta bakin rafi ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ita kaɗai. Ya durƙusa ya ce, "Na yi laifi. Ki dawo."

Ta ce, "In dawo in ci me? Haƙa rami. Zuba kashin dabba da ganye da toka da ɓawon dankali. Yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa har ya yi baƙi ya huce. Amma ka sani, ƙasarka ba za ta warke ba sai bayan damina uku."

Ya ce, "Ina zan sami kashi, turke ba dabba?"

Ta ce, "Wannan kuma kai ka sani."

Sai tsoho ya ɗauki kwando ya shiga bin hanyar shanu yana tsintar kashi, ƙafa ba ƙarfi, ciki ba komai. Ya cika rami, ya kai gona, Tana ta dawo. Damina ta farko suka sami kwando guda. Ta biyu suka sami uku. A ta uku, dankali na cikin fure, Shekarau ya kwanta, bai ƙara tashi ba.

Tabawa ce ta tona ita kaɗai. Ƙasa baƙa wuluk, hannu ma ya isa tonon. Ta cika ɗaki da dankali. Ta dafa, ta zuba a kwano biyu kamar yadda ta saba, sannan ta tuna. Ta zauna tana kallon kwano ɗaya har ya huce.

To kun ji. Ƙasa ma ciki gare ta. Wanda ya hana ta ci, ko ya tuba ta yafe masa, ba lallai ya ga ranar ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.