Kunun Jegon da Ya Ɓata Sunan Baba Hansai

Ranar Litinin, biyar ga watan Mayu, aka fara zaluntar wata tsohuwa a unguwarmu a nan Wudil, kuma har yau ba a gyara ba. Na rubuta ranar ne don kada gobe wani ya ce ya manta.

Akwai wani magidanci a layinmu mai suna Garzali. Hatsi yake saye da kaka ya ajiye, idan ya yi tsada ya fitar. Katangarsa ɗaya da Baba Hansai, tsohuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk suna ɗakunan aurensu. Daga ita sai awakinta biyu.

Duk yaron da aka haifa a layin nan tun da na san layin, Baba Hansai ce ta dama wa uwarsa kunun kanwa. Ba sana'arta ba ce, ba wanda yake biyan ta. Abin da take tafiya da shi kawai dusar geron, don a wajenmu dusa ta mai surfe ce.

Tsakaninta da Garzali akwai 'yar tsama. Daminar bara kwatar gidansa ta riƙa malala ƙofarta. Ta yi magana bai ji ba, ta kai wa mai unguwa, aka sa shi ya haƙa rami. Tun daga nan ya daina gaishe ta. Duk da haka, da matarsa Radiyya ta haihu, tsohuwar nan ta saɓi taɓaryarta ta shiga gidan kamar ba a taɓa yin komai ba.

Ina wurin a safiyar Litinin ɗin, ba labari aka ba ni ba. Garzali ya shigo da gero a babbar roba ya dire a tsakar gida. Baba Hansai ta tsoma hannu, ta fito da shi fari fat.

Ta ce, "Garzali, wannan farar ƙurar fa? Toka ka sa masa?"

Tambayar tana kan hanya. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan nan ya san ana cuɗa hatsi da toka don kada ƙwari su ci.

Ko kallon ta bai yi ba. Ya ce, "Toka ce. Ki yi abin da ya kawo ki."

Ni na ji. Bilkisu matar tela ma ta ji.

Baba Hansai ta yi aikinta yadda ta saba. Ta yayyafa ruwa ta surfa, ta bakace, ta tara dusar a gefe. Ta wanke geron, ta rege shi har ba sauran tsakuwa, ta baza ya sha iska. Aka zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, aka kai inji. Ta jiƙa kanwa ta tace, ta dama garin da ruwanta, ta sheƙa tafasasshen ruwa tana juyawa har ya yi kauri yana sheƙi.

Da aka zo ɗanɗanawa ta miƙa wa Bilkisu ludayi.

"Taɓa min ki ji kanwar. Yau Litinin, ina azumi."

Ba wanda ya yi mamaki. Azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, kowa ya sani.

Aka cika wa mai jego ƙwaryarta, aka rarraba sauran gida gida yadda aka saba. Baba Hansai ta kwashi dusarta ta tafi.

Kafin la'asar layin ya rikice. Amai, murɗar ciki, jiri. Yara suna kwance a tabarmi. Ni kaina sai da aka riƙe ni zuwa banɗaki. Radiyya ce ta fi kowa jigata don ita ta fi kowa sha, aka ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, jaririn yana ta tsala kuka ba nono.

Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma abin da Garzali ya yi bayan sallar magariba shi ne dalilin wannan rubutu.

Ya tsaya a ƙofar masallaci, mutane suna neman takalmansu, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku tsaya ku ji! Matata tana asibiti. 'Ya'yanku suna kwance. Wa ya dama kunun nan? Hansai! Ku tambaye ta, me ya sa kowa ya sha ita ba ta sha ba?"

Wani ya ce, "Ai azumi take yi."

Garzali ya ce, "Azumi! Ai dole ta yi azumi, ta san abin da ta zuba. Tun maganar kwata take neman gidana da sharri. To ga shi ta samu."

Liman ya ce a bi a hankali, a bincika. Ba wanda ya saurare shi. Kowa yana da marar lafiya a gida, kowa yana neman wanda zai ɗora wa.

Da gari ya waye, awakin Baba Hansai duka biyun suna kwance a turke, baki da kumfa, sun mutu. Ɗaya da ciki. Dusar jiya ta jiƙa musu.

Kuna tsammanin wannan zai wanke ta? Sai ma ya ƙara. Wasu suka ce a kansu ta fara gwada maganin. Wasu suka ce sharrinta ne ya koma mata.

Na ce da matan layin, "Ku tsaya. Dusa tun kafin a ɗora tukunya aka fitar da ita. In a tukunya ta zuba abu, ta ina ya shiga dusa?"

Wata ta ce, "Malama, nan ba aji ba ne, kin yi ritaya. Ɗana ya kwana yana amai."

Aka yi dariya. Na san wadda ta faɗa, ita ma ta san na sani.

Ranar nan Baba Hansai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ta aika wa wata maƙwabciya kwanon ɗanwake kamar yadda ta saba, aka dawo da shi ba a ko buɗe ba. Mata suna janye yaransu idan ta fito. An jefi ƙyauren gidanta da dutse. Wani ƙato da ita ta dama wa uwarsa kunu ranar da aka haife shi ya wuce ta ƙofarta yana cewa, "A'uzubillahi, mayya."

Ta rufe ƙofarta.

Ranar Laraba, jajiberin suna, aka sallamo Radiyya. A ranar mahaifiyar Garzali, Inna Uwani, ta iso daga Dagumawa, labari ya riga ya same ta. Ko mayafinta ba ta cire ba ta tsaya jikin katanga ta fara.

"Ke Hansai, kina ji na! Tsofai-tsofai da ke, ƙafa ɗaya a kabari, jikana za ki mayar maraya? Allah Ya isa tsakanina da ke!"



Ta juyo ta dubi surukarta, ta gan ta a rame, nono ya ɗauke. Ta ce, "Mai jego ba kunu? Ni zan dama da hannuna, in ga wanda zai zuba wani abu."

Garzali ya fita neman ragon suna. Inna ta duba ɗakin ajiya ta tarar a kulle. Tana dawowa ta zaure ta ga buhu a lungu, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, an ɗinke bakinsa da sabon zare. Ta sa wuƙa ta farke. Gero ne, fari fat da ƙura.

Ita ma 'yar ƙauye ce. Ta ce, "Yaron nan ashe bai manta da toka ba."

Ta surfa, ta wanke, ta aika inji, ta dama. Mu 'yan barka muna zaune muna yaba ƙamshin.

Garzali ya shigo yana jan rago. Radiyya tana bakin ƙofar ɗakinta da ƙwarya a cinya, ta ɗebo ludayi tana hurawa.

Ya tsaya cak. "Inna, ina kika samu gero?"

"A zaure mana. Ka kulle ɗaki ka tafi da mukulli."

Ya saki igiyar ragon. Tsalle ɗaya ya yi ya doke ludayin daga hannun matarsa, ya sa ƙafa ya ture ƙwaryar. Kunu ya malale a ƙasa.

"Kada ki sha! Wa ya sha? Inna, kin ɗanɗana?"

Inna Uwani ta miƙe a hankali.

"Kai Garzali. Ni na dama kunun nan. Hansai ba ta shigo ba. Ko ni ma mayyar ce?"

"Ba haka ba ne, Inna."

"To yaya ne? Dube ni. Mene ne a cikin geron?"

Ya sunkuyar da kai. Sai da ta maimaita, sannan ya ce, "Hodar maganin ƙwari ce."

Nan ya zayyana, muna ji. Ya ga ƙwari sun fara shiga buhun, ya sayo hoda ya zuba har ya ninka abin da aka ce masa. Mai maganin ya gaya masa kada a ci sai an yi watanni. Ko wata guda bai cika ba aka yi haihuwa. Ya ƙi buɗe buhunan da ya ajiye na sayarwa, ya ce ai in an surfa an wanke shi ke nan.

Bilkisu ta ce, "Amma Baba ta tambaye ka, ka ce toka ce."



Inna ta ce, "Ranar da ka tsaya a masallaci, ka san wannan?"

"Tsoro na ji, Inna. Na ga mutane sun fusata."

"Shi kuma buhun da ka ɗinke ka rufe da tabarma, na mene ne?"

Radiyya ce ta amsa. "Jiya a asibiti na ji yana waya da mai kurar ɗaukar kaya. Jibi Juma'a zai kai kasuwa."

Ku sake karanta wannan. Ya ga matarsa a gadon asibiti. Ya ga awaki a mace. Kuma ya ɗinke buhun zai sayar wa wasu bayin Allah su kai wa 'ya'yansu.

Inna Uwani ta juya masa baya. Ta fita ko takalmi babu, ta buga ƙofar Baba Hansai, ta durƙusa a tsakar gidanta tana kuka.

"Yaya Hansai, bakina ya zage ki a kan ƙarya. Ki yafe min don Allah."

Baba Hansai ta kama hannunta ta tashe ta. "Ke uwa ce, abin da aka gaya miki kika hau. Yaya yarinyar? Nonon ya zo?"

Ta kawo geronta na ci, suka dama wa Radiyya wani kunun a gidanta.

Mai unguwa ya sa aka haƙa rami aka binne buhun a gabansa. Ranar suna an soya waina an yi miya, mutane suka yi addu'a suka tashi, ba wanda ya sa hannu a kwano. Masu sayen hatsi a wajensa na layin nan sun koma wani wuri. Wannan ba ruwana, tsakaninsa da cinikinsa ne.

Abin da yake ruwana shi ne wannan. Har yau Garzali bai buɗe baki ya wanke Baba Hansai a gaban mutane ba. Abin da ya yi, ya aiki ƙanensa Yahuza da 'yar akuya, ya ce a ba ta haƙuri, a rufa asiri.

Ta dubi akuyar ta ce, "Yahuza, mayar masa. Akuyar nan za ta je ƙofar masallaci ta ce ba ni ba ce?"

Masu sallah a masallacin nan ba 'yan layinmu kaɗai ba ne. Akwai 'yan kasuwa, akwai baƙi, akwai mutanen layukan baya. Sun ji zargin, ba su ji gaskiyar ba. Makon jiya an yi haihuwa a layin bayanmu, gidan da Baba Hansai ta dama wa uwar mai jegon kunu, ta dama wa yayarta. Ba a kira ta ba. Da ta je barka, aka ɗauke jaririn aka shige da shi ɗaki.

Na tare Garzali a hanya na gaya masa.

Ya ce, "Haba Malama, ai magana ta wuce. Ni magidanci ne, in tsaya gaban jama'a ina ba tsohuwa haƙuri? Ina mutuncina?"

Na ce, "Nata mutuncin fa, a ina ka ajiye shi?"

Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Na yi shekaru ina koyar da yara. Yaron da ya yi wa ɗan'uwansa ƙazafi a gaban aji, ban taɓa yarda ya ba shi haƙuri a bayan aji ba. Ba zan fara yarda yanzu ba don mai laifin yana da gemu.

Darasi: Wanda ya ɗora laifinsa a kan marar ƙarfi don ya tsira, laifi biyu ya yi, kuma na biyun ya fi muni. Sunan da aka ɓata a bainar jama'a ba ya gyaruwa da aike a ɓoye. Ku kuma masu ajiyar hatsi, idan kun zuba magani ku faɗa, kada ku ce toka ce. Ku tura wannan ga duk wanda kuka sani a Wudil, musamman waɗanda suka ji zargin. Kai kuma Garzali, na san za a nuna maka. Ka tsaya a ƙofar masallaci bayan magariba, kafin mutane su watse, ka faɗa da bakinka cewa kai ka zuba maganin, Baba Hansai ba ta da laifi, sannan ka nemi gafararta kowa yana ji. Ba aike, ba akuya, ba raɗa. Muna jira.