Rubutun da ke Bayan Hoto

Akwai wani mutum mai gina shafukan intanet. Shi kam yadda masaƙi yake ji da zarensa, haka yake ji da aikin nan. In ya zauna gaban kwamfuta yana zaɓen launi, sai tuwo ya huce bai sani ba. Har mafarkin shafukan yake yi, ya gan su kamar gida mai ɗakuna da yawa, iska tana shiga ta kowace ƙofa.

Wata rana ikilisiyarsu ta ba shi hotuna ya gina mata shafi. To, a bayan kowane hoto akwai ɗan wurin da ake rubuta abin da ke cikinsa. Mai ido ba ya ganin rubutun, waya ce take karanta wa makafi da murya. Masu gina shafi da yawa tsallake shi suke yi.

Matarsa ta leƙo, ta ce, "Maigida, kai dai da son wahala. Wa zai gani?"

Ya ce, "Ni ma ban sani ba."

A ikilisiyar nan kuwa akwai wani tsoho, Baba Yunana, wanda idonsa ya daɗe da rufewa. Matarsa Saraya ta rasu bayan doguwar jinya, abu ɗaya kuma yake cin ransa: ko ta yi farin ciki a kwanakinta na ƙarshe? An ce masa akwai hotonta cikin hotunan ikilisiya, amma duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ta yi kyau, Baba." Shi ke nan.

Maginin bai san wannan ba. Da ya iso hoton ƙarshe ya gaji tilis, saura kaɗan ya rubuta "wata mata" ya tashi. Sai ya tsaya ya ƙura mata ido, ya rubuta: "Dattijuwa cikin zane ruwan goro, ɗankwalinta ya karkace, ta ɗauko kwandon gyaɗa zuwa bikin godiya, tana dariya har wushiryarta ta fito."

Ran Lahadi bayan sujada, yana wucewa ta gindin darbejiya, sai ya ji waya tana karanta kalmominsa. Baba Yunana ne zaune, ya manna ta a kunne, hawaye yana bin gemunsa.

Tsohon ya ce a hankali, "Ita ce. Ɗankwalin nan bai taɓa zama daidai ba. Ashe dariya take yi." Ya sake dannawa don ya ƙara ji.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƴaƴana, aikin da babu mai yaba muku a kansa, shi ne ya fi sauƙin tsallakewa: gaida marar lafiya, share majami'a, addu'a domin wanda bai san kuna yi ba. Allah yana ganinsa, ya kuma san wanda zai kai wa. Don haka in kun gaji, zuciya ta ce muku wa zai gani, ku tuna akwai wani tsoho a gindin darbejiya yana jira ya ji.