Mutumin da Ya Ƙi Sauka Daga Kan Ƙanƙara

Akwai wani mutum a wata ƙasa mai nisa, shi ne kyaftin na 'yan wasan ƙasarsu a ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Ga yadda wasan yake, don kada wani ya ce bai gane ba. Fili ne na daskararren ruwa, an kewaye shi da katangar katako, tsayinta iya ƙugu. Mutum shida nan, shida can, ɗaya daga cikinsu mai tsaron raga. Kowa da takalmi mai bakin ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, da shi yake sulɓi, ga sanda mai lanƙwasa a hannu. Ƙwallon kuwa ba irin tamu ba ce, ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, bai kai tafin hannu ba.

Gudun da ake yi a ciki yana cin ƙarfi ƙwarai, har ba mai iya cika minti guda da dukan ƙarfinsa. Saboda haka kowa yakan yi ɗan gudunsa ya koma benci, wani ya tsallako katanga ya karɓe shi, wasa bai tsaya ba. In ya huta, ya sake shiga. Amma akwai doka. Na benci ba ya shiga sai na ciki ya kawo kansa bakin katanga. In ya yi gaggawa ya shiga, sun zama bakwai ke nan, alƙali zai fitar musu da mutum ɗaya su yi ta fama a gurgunce.

Ƙasar mutumin nan ba ta cikin manya. A rukuni na biyu take. Kowace shekara ƙasashe shida na rukunin sukan haɗu a gari ɗaya su yi mako guda suna karawa. Wadda ta zo ta ɗaya ta hau wurin manya, ta ƙarshe kuwa ta gangara rukuni na uku, inda ba mai zuwa kallo sai dangin 'yan wasa.

To, a duk ƙasarsu zaure ɗaya ne tak yake da injin da ke riƙe ƙanƙara lokacin zafi da lokacin sanyi, na wani attajiri ne. Kafin su tashi zuwa gasa, attajirin ya kira kyaftin ya ce masa, "In kun faɗi bana, zan kashe injin. Masu dankali sun daɗe suna bina in ba su wurin su yi rumbu. Na faɗa maka tun yanzu, kada ka dawo kana yi mini dogon bayani."

Mutumin ya ce, "Muddin ina tsaye, ba za mu faɗi ba."

Shekararsa talatin da tara, wannan kuma ita ce gasarsa ta ƙarshe. Wanda yakan karɓe shi in ya fito, ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya mata biyu da suke koyon sulɓi a zauren nan.

Aka yi ta karawa har ranar ƙarshe. Wasansu ya faɗo da ƙasar da suke kokawar gindin teburi tare, kowa na gudun zama na ƙarshe. In lokaci ya cika suna kunnen doki, sun tsira. In an ci su, sun gangara.

Da safe suna karin kumallo sai ƙanen ya ce, "Yaya, jiya na ga kana saukowa daga bene kana dafe da bango."

"Bangon ne ya nemi faɗuwa, na tare shi."

Ƙanen ya yi dariya kaɗan, ya ce, "To madalla. Amma yau in ka ji ina buga sanda a katanga, ka zo. Ba don ni ba."

Mutumin ya ajiye kofinsa. "Ni na koya maka ɗaure takalmin nan, kana kuka kana majina. Yau kai ne za ka faɗa mini lokacin fita?"

Ƙanen ya ƙarasa karin kumallonsa ya tashi.

Da azahar aka shiga fili. Mutumin ya yi wasa kamar ɗan shekara ashirin. Ya zura ƙwallo ɗaya, aka rama. Aka zura musu ta biyu, ya rama. Biyu da biyu. 'Yan ƙasarsu da suka biyo su kallo ba su fi cikin mota guda ba, amma sunansa kawai ake ji a zauren.

Saura minti uku ya tsallaka katanga ya shiga. Ya yi gudunsa, minti ya cika. Waɗanda suka shiga tare da shi suka fita, wasu suka karɓe su. Koci, mai horar da su, ya kira sunansa. Ya ɗaga hannu, wai a dakata. A ransa ya ce, "Guda ɗaya kawai. In na zura ta uku, ba wanda zai ce tsufa ne ya kore ni."

Abokan karawa suka sauya mutanensu. Ƙanensa ya fara buga sanda a katanga. "Yaya, zo." Ya ji sarai, ya juya masa ƙeya. Minti biyu ke nan yana ciki. Abokan karawa suka sake sauyawa, sababbin mutane masu cikakken numfashi. Shi kuwa ƙirjinsa ya kama wuta, bakinsa ya cika da ɗanɗanon ƙarfe, cinyoyinsa kamar an ɗura musu yashi. Ƙanen ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katanga. Koci ya riƙe masa riga ya ce, "In ka shiga mun zama bakwai. Sai ya zo da kansa."

Bai zo ba. Ƙwallo ta zo masa a tsakiyar fili, ya ɗaga sanda ya buga da abin da ya rage masa. Abin da ya rage ɗin bai kai ko'ina ba. Ƙwallon ta gangara a hankali ta tsaya a sandan wani daga cikin abokan karawa, wanda shigowarsa ke nan daga benci. Wannan ya taso ya bi ta gefensa. Mutumin ya juya zai bi shi, ƙafafu suka ƙi. Ya miƙa sanda, iska ya taɓa. Yana tsaye yana kallon bayan rigar mutum har ƙwallo ta kwanta a ragarsu. Saura daƙiƙa goma sha tara.

Sa'an nan ne ya ja jiki ya zo bakin katanga. Ƙanen ya dube shi ya ce, "Yanzu kuma in shiga in yi me?" Duk da haka ya shiga, ya yi gudu iyakar ƙarfinsa, aka busa tashi.

Bisa al'adar gasar, suka jera a kan ƙanƙara, suka cire hulunansu, aka buga taken ƙasar da ta ci su, suna tsaye har ya ƙare. Bayan haka aka ce za a ba gwanin kowace ƙasa kyauta. Aka kira sunan mutumin. Aka ɗaura masa agogo mai kyau a hannu, aka ɗauke shi hoto.

A ɗakin sauya kaya ba wanda ya dube shi. Abin ya dame shi, sai ya ce, "Ni na zura biyun nan. Ba don ni ba da tun tuni an gama da ku."

Ƙanensa yana kwance igiyar takalmi, bai ɗago ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Biyun naka ne. Ta ukun ma taka ce."

Da suka koma gida, mutumin ya je wurin attajirin ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mana shekara ɗaya." Attajirin ya ce, "Mun gama wannan magana tun kafin ku tafi." Aka kashe injin. Kwana uku ana share ruwa daga zauren zuwa kwata. Ƙanen ya tattara takalman 'ya'yansa ya sa a buhu. Bai daina gaishe da wansa ba, biki da rasuwa yakan je, amma bai sake yi masa maganar wasa ba har tsufansu.

Ga abin da misalin nan yake nufi, ku buɗe kunne.

Ƙanƙarar nan ita ce aikin da Ubangiji ya sa mu a kai, ko a ikilisiya ko a gida. Benci kuwa 'yan'uwa ne da ya tanada domin su karɓe mu. Ku lura, mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba, ba rago ba. Ƙwallo biyun da ya zura na gaske ne, ba wanda ya yi masa ƙarya da ya ce shi gwani ne. Abu ɗaya ne ya kashe shi: an kira shi ya ji, ya ɗaga hannu wai a dakata.

Ku auna cinikin da ya yi. Ya ba da zauren ƙasarsa, da wasan 'ya'yan ƙanensa, da sakin fuskar ɗan'uwansa, ya karɓi agogo. Ko yarinyar da aka aika kasuwa yau da fari ba za ta yi wannan ciniki ba. Amma dattawa suna yinsa, da furfurarsu.

Akwai dattijon da ya riƙe makullin ɗakin sujada shekara ashirin da biyu, yanzu ba ya iya fitowa da wuri, jama'a na tsaye a rana suna jiransa, amma a ce ya ba wani ya ce ana neman raina shi. Akwai mai jan waƙa da muryarta ta tafi tun bara waccan, ga mata uku a bayanta da suka iya, sun gaji da jira, ɗaya har ta daina zuwa. Akwai mu kuma, da mazanmu suka rasu suka bar mana gida a ka. Mun ɗauka, ba wanda ya taya mu, gaskiya ne, kuma ba mu roƙi kowa ba. Amma yanzu 'ya'yan sun girma, ido ya fara hazo, hannu na rawa a kan mudu, mu ce ba mai taɓa mana shago sai bayan ranmu.

Shaiɗan ba ya bukatar ya fi ka ƙarfi. Jira kawai yake yi, yana sauya mutanensa, kai kuwa kai kaɗai ne tun ɗazu. Ubangiji kuma ba ya turo na biyu ya ture ka. Ya kira ka, ya riƙe rigar wancan, yana jira ka kawo kanka bakin katanga da ƙafarka. Fitar ba kora ba ce. Wanda ya fita da wuri yakan huta ya sake shiga. Wanda ya ƙi, shi ne ba ya samun wurin komawa.

Kada kowa ya waiwaya yana neman wanda ake nufi. Ke da kike zaune kina cewa ai ba wanda zai iya kamar ke, wataƙila ma haka ne. Mutumin nan ma ba wanda ya kai shi. Kin san wadda take jiranki, kin san sunanta, kin ji bugun sandanta ba sau ɗaya ba. Kafin Lahadi mai zuwa ki kira ta, ki sa mata makullin a hannu da kanki, tun akwai ƙofar da zai buɗe.