Kanal ɗin Laka da Yusra Ta Gina

"Wai 'yata ce za ta tsaya gaban baƙi da laka a kan katako?"

Wannan tambayar na ji Yaya Sammani yana yi wa maigidana a zaure, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Yaya Sammani wan mijina ne. Gida ɗaya muke a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sashensu yana kallon namu. Mutum ne mai kyauta, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa guda ne, ba ya iya jure a ga kasawarsa. Shekarar da tumatirinsa bai yi kyau ba, ta bayan gari ya riƙa bi da kwandunan don kada 'yan majalisa su gani.

Lokacin watana bakwai a gidan. Ban saba da kowa ba sai 'yarsa Yusra, 'yar aji biyar a firamare. Mahaifiyarta kan wuni a gona, don haka in an tashi daga makaranta wurina take zama.

A makarantarsu akwai Malama Joanna, mutuniyar Filato, mijinta yana gyaran injin ban-ruwa. Ita ta ware yara tara da ta ga kansu yana ja fiye da na sauran, tana riƙe su awa ɗaya bayan an tashi, Talata da Laraba. Ana ce musu 'yan ajin hazaƙa. Wasu lissafi, wasu rubuta labari, wasu ƙere-ƙere. Dokarta ɗaya ce: kowa ya yi aikinsa da hannunsa. A ƙarshen zango baƙi za su zo daga ofishin ilimi su duba, su ɗauki yara biyu zuwa horon hutu a Kano. Yusra ba ta da zance sai wannan.

Gonar babanta a ƙarshen kanal ɗin ban-ruwa take, inda ruwa ke isa a makare, wani lokacin ma ba ya isa. Shi ne ta ce za ta gano dalili. Ta samo tsohon katako, ta kwaɓa laka, ta gina ƙaramin kanal da gonaki shida a jere. Maimakon tiyon da manoma ke jan ruwa da shi, ta yanko karan ganyen gwanda, mai rami a ciki. Ni ce mai zuba ruwa da buta.

"Anti, a hankali mana. Ke ce fa dam ɗin Tiga. In kika ɓalle duk gari ya tafi."

"To ranki ya daɗe, injiniya."

Sau huɗu yana rushewa. Ta yi kuka sau ɗaya, ta share hawaye da bayan hannu, laka har a goshi, ta sake. A mako na uku ta gano abin da take nema. Ta mulmula ƙananan curin laka ta toshe bakin gonaki biyar na farko, ruwa ya wuce kai tsaye zuwa ta ƙarshe. Da ta ƙoshi sai ta buɗe ta biyar, sannan ta huɗu, har zuwa ta farko.

"Kin gani, Anti? Na ƙarshe za a fara ba. Na gaba ai ruwa a ƙofarsu yake, ba zai gudu ba."

Ni aji huɗu na tsaya a boko, amma na gane, domin da idona na ga ruwan yana tafiya.

Da Yaya Sammani ya fara gani dariya ya yi, har ya shafa kanta. Kashegari ya ji a majalisa cewa ɗan wani ya haɗa abu mai ƙwan lantarki da batir. A ranar ya yi wa maigidana waccan tambayar. Maigidana ya ce, "Yaya, ai aikin yara ne," bai ƙara ba, don ba ya musu da wansa.

Da safe, bayan Yusra ta tafi makaranta, na ga Yaya ya ɗaure katakon a bayan babur. Bayan kwana biyu ya dawo da wani abu daban. Wani mai aikin famfo a Kura ya kwaikwayi na Yusra da fararen bututun roba, ya manne ko'ina da gam, ya shafa koren fenti, ya sa ƙaramin inji mai batir yana tura ruwa. Gaskiya ya yi kyau a ido.

"Baba, nawa fa?" in ji Yusra da ta gani.

"Ya fashe a hanya. Wannan ai ya fi. In an tambaye ki, ki ce ke kika yi. Ba tunaninki ba ne? To naki ne."

Ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ranar taron maigidana ya bar ni na je. Na zauna a bayan mata, ƙarƙashin darbejiya. Yaya Sammani yana kujerar gaba da sabuwar shadda. Cikin baƙin akwai wata dattijuwa mai tabarau, ita ke yi wa yara tambaya, kuma da fara'a take yi. Ta daɗe wurin wani yaro da ya yi ma'aunin ruwan sama da tsohuwar kwalba. Sannan ta iso wurin Yusra.

"Masha Allah. 'Yata, ke kika yi wannan?"

Yusra ta dubi babanta. Ya gyaɗa mata kai.

"Eh," ta ce.

"To nuna mini yadda ruwa ke kaiwa gonar ƙarshe."

Na ga hannunta ya tafi neman inda za ta toshe. Babu. Komai a manne yake. Ta taɓa nan, ta taɓa can.

"Ba komai. Wannan wayar fa, me take yi?"

Sai wani yaro daga baya ya ce, "Ni na ga ana haɗa shi a shagon mai famfo." Yara suka kwashe da dariya. Dattijuwar ba ta yi faɗa ba. Ta rubuta wani abu a takarda, ta wuce gaba. Yusra ta tsaya a wurin, injin yana ta kuka, ruwa yana zagayawa.

Bayan kwana biyu Malama Joanna ta zo gidanmu da la'asar. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Yaya Sammani ya zauna a kujera, Yusra tana bakin ƙofar ɗakinsu, ni kuma ina gefe ina wanke-wanke.

"Baban Yusra, ba faɗa na zo yi ba," in ji ta. "Na ga zanen kanal ɗin a littafinta tun farkon zango. Na san yarinyar nan. Na roƙi baƙin, sun ce idan wani babba a gidan ya shaida cewa ta yi nata, canza mata aka yi, za su bari ta sake ginawa kafin Juma'a. Magana ɗaya kawai nake nema."

Yaya ya gyara hula. In ya ce eh, gobe duk gari zai san shi ya kai wa mai famfo.

"Malama, a gidana ba a ƙarya. Abin da kuka gani shi ta yi. Tsoro ne ya kama ta."

Malama Joanna ta dube shi. Sannan ta juyo gare ni.

"Amarya, ke kullum kina gida. Ba ki ga komai ba?"

Tun da aka kawo ni gidan, gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Yaya, ita ma a durƙushe. Yanzu a ce in buɗe baki a gabansa, gaban baƙuwa, in ce ya yi ƙarya? Hannuna yana cikin ruwan kumfa. Ban dubi Yusra ba, amma na san tana kallona.

"Ban sani ba, Malama," na ce.

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. A bakin zaure ta ce, "Allah ya kyauta," ta tafi.

Juma'a ta zo ta wuce. Aka tafi Kano da mai kwalbar ruwan sama da wata yarinya mai lissafi. Malama Joanna ba ta kori Yusra daga ajin ba, ita ce ta daina tsayawa, domin yara suna bin ta da "mai famfo, mai famfo" har bakin kanal. Yaya Sammani ma bai tsira ba. Maganar da ya ɓoye kowa ya san ta, ya yi wata guda bai zauna a majalisa ba. In ya dawo daga gona Yusra ba ta ƙara rugawa ta karɓi fartanyarsa. Tana gaishe shi ta shige ɗaki.

Wurina tana zuwa har yanzu. Tana taya ni tankaɗe, tana ɗebo mini ruwa. Ba ta taɓa tambayata me ya sa na ce ban sani ba. Wata rana na ce mata, "Ko in samo miki laka?" Ta ce, "Bar shi, Anti, ɓata kaya yake."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iyaye su bar yaro ya tsaya da abin da hannunsa ya yi, ko da laka ce. Wanda ya ji kunyar ƙaramin aikin ɗansa ya musanya masa da na wani, ya ƙwace masa aikin, ya kuma koya masa ƙarya, sannan kunyar da yake gudu ta same shi. Wanda kuma ya ga gaskiya ya yi shiru a lokacin da maganarsa za ta yi amfani, yana da nasa kason, kuma ni ce wannan. Na yi tunanin gaya wa maigidana, na ga zan haɗa shi da wansa ne kawai. Na yi tunanin zuwa wurin Malama, na ga Juma'ar ta riga ta wuce. Shi ya sa na rubuta shi da sunayen da ba nasu ba, ko wani uban zai karanta ya tsaya. Amma a gidan nan da garin nan, na yanke ba zan gaya wa kowa ba.