Butar Sin Mai Baki Biyu

A zamanin da aljanu ke ja da sarakuna a kan ruwan sha, ifritu Darmashu ya zo ya zauna daram a kan idon ruwan Birnin Zarnuƙa, har rijiyoyi suka ƙafe, dabino ya bushe, mutane suka fara ɗaure kaya. Masana suka duba, suka ce babu abin da zai tashe shi sai ruwan tsarki daga butar tagullar da ke ɗakin ibadar Sarkin Sin.

Yarima Mazadu, ɗan Sarki Jangare na Zarnuƙa, ya rataya takobi ya durƙusa. "Baba, ko in dawo da butar nan, ko a ba wani ɗakina."

Ya keta hamada mai jan yashi wadda ko ungulu ba ta ratsa ta, ya wuce birnin matsafan da ke yanke wa baƙo inuwarsa su dafa, ya haye kogin da kifayensa ke kiran mutum da muryar uwarsa, har ya isa Sin ya tarar wani gawurtaccen maciji ya tare ƙofar fada. Sara uku ya yi masa ya kashe shi. Sarkin Sin ya ce ya faɗi bukatarsa, aka ɗauko masa butar: dogon wuya gare ta kamar zalɓe, ga wani ɗan baki mai murfi a kafaɗa.

Gimbiya Lanhuwa, 'yar Sarkin, wadda ke gina irin butocin da yumɓu tana gasa su su zama tangaram, ta tare shi. "Baƙo, dakata in nuna maka yadda ake zubawa."

Mazadu ya yi dariya. "Ranki ya daɗe, ni za ki koya wa riƙon buta? Tun ina rarrafe nake alwala."

Da isarsa gida ya tunkari Darmashu, ya karkata butar ta bakin kafaɗa kamar yadda kowa ke yi da hancin buta. Ifritu ya kece da dariya har duwatsu suka girgiza. "Kai ɗan samari, wanka ka zo yi mini? Ai da ka taho da soso!" Ya fizge butar ya haɗiye.

Mazadu bai ko shiga gari ba. Ya juya akalar raƙuminsa, ya sake taka hamadar nan da birnin nan da kogin nan, ya zube gaban Gimbiya.

"A'a, malamin alwala! Har an idar?"

"Girman kai ya ci ni. Koya mini."

Ta ɗauko tagwaiyar butar, ta tangaram, koriya shar, aikin hannunta. "Bakin kafaɗa na ɗurawa ne, a nan ake sa ƙyalle ya tare datti. Ka zuba ta nan, dattin ka mayar. Tsarkakakken ruwa ta dogon wuyan yake fita. Sirrin ba a tagulla yake ba, a zubin yake. Amma wannan in ta faɗi ta fashe, don haka ƙafarka ƙafata."

Duk yaƙin da suka yi a hanya da hannu ɗaya ya yi shi, ɗayan na rungume da butar.

Darmashu na hango shi ya ce, "Tagulla ma na haɗiye, balle kaskon mata?"

"To buɗe bakin da kyau," in ji Mazadu. Ya danne murfin kafaɗa da babban yatsa, ya kifa dogon wuyan. Ruwan na taɓa ifritu ya kurma ihu, ya zama hayaƙi, idon ruwa ya ɓalle har yara suka yi iyo a ƙofar fada.

Aka ɗaura wa Mazadu da Lanhuwa aure, Sarki Jangare ya naɗa wa ɗansa rawani da hannunsa. Har suka tsufa, duk sa'ad da Sarki Mazadu ya ɗauki buta, sai Lanhuwa ta leƙo ta ce, "Ranka ya daɗe, ta wane baki?"