Inda Fitilar Ilu Ta Mutu

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai haƙar rijiya, ana ce masa Ilu. Ku saurara, jama'a, don labarin nan nauyi yake yi mini a baki.

Wani kamfani ya binne bututu a gefen garinsu, yana ɗauke da iskar da masana'antu ke fitarwa, wadda ake kira kabon. Ba a ganin ta, amma tana shaƙe mai rai. Wata rana da hantsi bututun ya fashe. Iskar nan nauyi gare ta, sai ta gangara unguwar kwari kamar ruwa, mutane suka yi ta zubewa. Wata baiwar Allah, Hajo, a ranar ta rasa mijinta, ita kuma numfashinta bai sake dawowa daidai ba.

Da aka ji kotu za ta sa a biya diyya, sai gari ya kamu da tari. Mutanen tudu, waɗanda ko atishawa ba su yi ba, kowa ya ce shi ma ya suma. Lauyan kamfani ya kama ƙaryar mutum uku, ya nemi a kori ƙarar gaba ɗaya. Haƙƙin Hajo ya kusa salwanta.

Ilu ɗan tudu ne. Maƙwabta sun matsa masa ya faɗi abin da kowa ya faɗa, amma da ya miƙe gaban alƙali sai ya ce:

"Ranka ya daɗe, ni ban shaƙi komai ba. Mu masu rijiya, kafin mu shiga rami fitila muke zurawa, in ta mutu to iskar ƙasa mai kisa ce. Ranar nan na kunna tawa, na riƙe ta ƙasa-ƙasa ina gangarawa. A gindin tsamiyar maƙera ta mutu. Daga nan zuwa kwari aka cutu. Mu na sama lafiyarmu ƙalau."

Aka biya mutanen kwari, na tudu suka koma hannu rabbana. Shekara biyu ba wanda ya kira Ilu ko yasar rijiya a tudu, shi kuwa bai fasa gaishe su ba.

Kun lura ban faɗi sunan garin ba? Kunya ce ta hana ni. Ni ma ɗan tudu ne. Da bakin nan da nake yi muku wa'azi na yi tari gaban alƙali, Hajo tana zaune tana kallona. Har yau ba na iya haɗa ido da ita.

Jama'a, diyya ta wanda aka cuta ce. Wanda ya shiga layi ba a cuce shi ba, ba kamfani yake ci ba, maƙwabcinsa yake ci. In an zo rabon wani haƙƙi a unguwarku, kowa ya tambayi kansa tun bai miƙa hannu ba: ni ɗan kwari ne, ko ɗan tudu? Allah Ya yafe mini, Ya tsare ku.